Kaskon Tsoho Chen

Ranar da na wanke kaskon tsoho Chen ba za ta fita raina ba. Shekarar da Turawa suka mayar da Hong Kong ce, shekara guda bayan yaranmu sun ciyo zinaren ƙwallo a Amurka. Lokacin ni ke yi wa Alhaji Sabo mai takalma girki a Guangzhou. Ku masu girkin yanzu ku sani, duk titin Zhanxi Lu babu Bakanon da bai san miyata ba.

Laoban, wato mai masana'antar da ke ɗinka wa Alhaji takalma, ya gayyace shi hawan dutse can arewa. Su haka suke hutawa. Aka tafi da ni saboda abincin halal. Rabin yini muna hawa, Alhaji na haki kamar zugazugi, ni kuwa da shinkafa a kaina na riga kowa isa.

A ƙololuwa akwai ɗakin dutse, gadajen katako da murhu ɗaya. Laoban ya ce kakansa ya gina shi don masu neman ganyen magani, daga baya masu yawo suka gaje shi, yanzu kawunsa Chen ke tsaronsa. Kaskon girkin ma kakan ne ya goyo shi har nan, kuma sabulu bai taɓa taɓa shi ba. Da alfahari ya faɗa. Ni abin da na ji shi ne man alade tun na kaka.

Suna fita kallon gajimare na kai kaskon rafi. Wanki bakwai, da yashi da ƙarfin damtse. Ya yi fes. Da na ɗaga shi sai na hango rana ta gindinsa, wuri uku. Ashe baƙin maiƙon ne ke riƙe da shi.

Tsoho ya karɓa, ya leƙo ni ta huda ɗaya. Alhaji ya ja ni gefe.

"Inna Kande, in laoban ya fasa ɗinkin nan, Kano za ki koma."

"To Alhaji, da alade zan ciyar da kai?"

Ya koma wajen laoban. Gasasshen dankali muka ci.

Gari na wayewa na sauka ƙauye, na sayo sabon kasko da nunin yatsa, na hawo da shi a ka. Tsoho ya ƙwanƙwasa shi, ya zaunar da ni gaban murhu da man gyaɗa: ƙona, shafa, ƙona, shafa. Ni da ake yabo kan tsabta, na kai dare ina baƙanta kasko. Laoban ya yi dariya har da hawaye, ya ce bayan kakansa babu wanda ya hawo da kasko sai ni. Ɗinki bai fasu ba.

Tun daga nan, duk madafin da na shiga sai na tambayi mai shi wane baƙi ne nasa kafin in ɗauki soso. Alhaji ya rasu, tsoho ma an ce ya tafi. Saura ni da laoban, wanda har gobe in ya ga Bakano sai ya tambaya ko na daina wanke-wanke.