Naman Mushe

Da na gama makarantar jinya a Zariya, aiki ya ƙi samuwa, zaman gida kuma ya ishe ni. Sai na tsallaka Nijar, na tafi Gaya aikin sa kai a wani gidan marayu da ke kusa da kogi. Ni dai tun fil'azal ba ni da saurin yarda da mutane, balle inda ake tara kayan sadaka.

Aka damƙa mini wata yarinya da ta tashi daga doguwar jinya. Ƙafafunta kamar sillen kara, wuyanta da ƙyar yake ɗaukar kanta. Shugabar gidan ta ce likita ya ce magani ya gama nasa, saura abinci, musamman nama. Aikina kenan, in ga yarinyar nan ta yi ƙiba. Ta maƙale mini kuwa, tana kirana Tanti, wato anti a bakin mutanen can, ko bakin kogi muka fita da yara kallon jiragen masunta da gadar da ke shiga Benin, hannunta na cikin nawa.

Mai dafa mana abinci wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Dandi, Hausarta ta kasuwa. Ranar kasuwa ta dawo da baƙar leda, yara suka yi mata caa suna tsalle.

"Inna, me kika samo musu haka?" na tambaye ta.

"Naman mushe ne, Tanti. Kyauta muka samu nai."

Innalillahi! Ta faɗa ko kunya babu. A garinmu ko kare aka jefa wa mushe sai an waiwaya. Na leƙa ledar. Ga nama an daddatse shi, ba kai ba wuya, balle in ga inda wuƙa ta bi. Na shinshina, ban ji wari ba, amma hakan bai kwantar mini da hankali ba. Na ce a raina, wato don ba su da uwa ba su da uba shi ne za a ɗura musu abin da ya mutu a bakin hanya?

Ban tambayi shugabar gidan ba. Ita ma na ji ta da kunnena tana cewa, "An kawo na mushe?" To wa zan kai wa ƙara? Bakinsu ɗaya. Sai na zuba ido.

Sauran yaran sun fi ƙarfina, amma tawa na kare ta. Duk ranar da aka dafa, sai in tsame naman daga kwanonta, in canza mata miya da ƙuli-ƙuli. Ta yi kuka, ta yi bori. Na zaunar da ita na ce, "Wannan naman haram ne. Dabbar da ta mutu da kanta ce. Wanda ya ci, cikinsa zai ruɓe, Allah kuma zai yi fushi da shi." Ta zaro ido, ba ta ƙara miƙa hannu ba. Na riƙa saya mata kifi in na samu hali, sai dai halin ba kullum ba ne. Makonni suka wuce, ƙafafun nan suna nan yadda suke, raina yana ta ɓaci.

Da abin ya ishe ni, wata ranar kasuwa na hau babur ɗin kabo-kabo na bi bayan Inna. Yau sai na ga ramin da take tono shi. Ta wuce masu albasa, ta wuce masu doya, ta tsaya a rumfar mahauta. Ga wani tsoho da farar riga da tabarau, yana nuna cinyar akuyar da ke rataye, mahauci yana yanka.

Na kutsa da faɗa a bakina, sai na ji mahaucin ya ce, "Mushe, a ƙara da hanta?"

Wani mai wucewa ya rusuna. "Ina kwana, Mushe?"

Inna ta hango ni. "Tanti, zo ki gaida Mushe. Malamin lakwal ne, rabin garin ga shi ya koya musu karatu."

Ashe Mushe suke kiran malamin boko, kalmar Faransanci ce ta zauna a bakinsu. Tsohon ya ce, "Ɗiyata, ke ce baƙuwar Najeriya? Yaya mai jikin nan? Don ita nike sa hanta."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Haushi ya kama ni, na Faransawa, na Inna, na garin gaba ɗaya. Mutum da mutuncinsa a rasa sunan da za a ba shi sai wannan?

Da rana na zaɓo hantar da kaina, na ɗora mata a kan shinkafa. Na ce, "Ci, 'yata. Na gani da idona, yankakke ne. Halal ne."

Ta dubi kwanon, ta dube ni. Na lallashe ta, na ci a gabanta, na kira Inna ta rantse mata. Ta ture kwanon da ɗan siririn hannunta, ta rufe bakinta da tafi, hawaye na zuba.

"Tanti, tofar," ta ce. "Kar cikinki ya ruɓe."