Kwana Ukun da Kunya ta Ci

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma a Gangara wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta cin abinci ina wurin. In tana da magana da ni sai ta fuskanci garu ta ce, "A ce ma waccan ta miƙo faifai," alhali daga ni sai ita a tsakar gida. Kakata ce ta yaye ni ta riƙe ni har aure. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba, don haka ake yi wa kowace 'yar fari a garin. Kuma duk ranar da Inna ta yi daddawa, mafi kyawun ƙulli nawa ne, a aiko mini har Sabon Birni inda nake aure ba a ce daga wa ba.

Daddawar ce ma ta fara tona ciwon. Shekarar da korona ta sa aka rufe iyaka aka hana cin kasuwa, Inna ta je gaisuwar mutuwa garin Isa ta kwana biyu. Bayan 'yan kwanaki da dawowarta ta buɗe daddawar da ta rufe, ta shinshina, ta ce ba ta jin komai, wai mai kalwa ya cuce ta. Wari kuwa har zaure. Matar ƙanena, wadda ke zaune da ita, ta ba ni labari a waya tana dariya. Ni ban yi dariya ba, don maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, na sha jin tana cewa ciwon nan yana ɗauke wa mutum jin ƙanshi. Kwana biyu bayan haka sai zazzaɓi da tari. Ƙanena yana Nijar, iyaka ta rufe da shi da kayansa. Na haɗa 'yan tsummokarana na ce za ni gida.

Kafin in tashi maƙwabciyar ta ba ni takunkumin rufe hanci guda huɗu, ta zaunar da ni. Ta ce yawancin masu ciwon a gida suke warkewa, in bar Inna ɗakinta ita kaɗai, in yawaita ba ta ruwa, in hana 'yan dubiya. Amma in numfashinta ya gajarta har ba ta iya kai magana ƙarshe sai ta tsaya ta ja iska, ko ƙirji ya riƙe, ko leɓɓanta suka canza launi, to kada in tsaya neman shawarar kowa. Na riƙe wannan kamar karatun allo.

Abin da ba mu lissafa ba, ni da ita, shi ne Inna ba ta yi mini doguwar magana ko da lafiyarta.

Duk lokacin da na yi sallama a ƙofar ɗakin sai in ji shiru na ɗan lokaci, sai motsi, sannan a amsa. In shiga in tarar da ita zaune a bakin gado, ɗankwali ɗaure, fuska ga garu. In durƙusa in ce, "Inna, ina jiki?" Ta ce wa garun, "Da sauƙi." Kalma biyu. Wa zai auna numfashin mutum da kalma biyu? Sai in ajiye kunu in fito da murnata. Matar ƙanena ita ma kunyar suruka ta ɗaure ta, daga bakin ƙofa take tura kwano ta juya. Mata biyu manya a gida, ba wadda ke iya zama minti biyar ta dubi majinyaciya. Muka yi ta dafa ganyen dogon yaro don sirace, muna jiƙa citta da kanumfari, muna gaya wa juna ai ta ce da sauƙi.

'Yan dubiya kuwa ba su da iyaka. Na tsaya a ƙofa na ce a yi addu'a daga waje, suka ce zaman birni ya ɓata ni. Kawu, yayan Inna, shi ke da iko da ita tun rasuwar mahaifinmu. Kullum da hantsi yakan zo ya zauna a zaure, kuma tun ranar farko ya hana a ambaci sunan ciwon a gidan. Ya ce masassara ce ta zafin bazara, ita ce ke kayar da tsofaffi duk shekara.

Rana ta huɗu bayan azahar na zaga bayan ɗakinta in ɗebo kara. Akwai 'yar taga a nan. Sai na ji wani sauti da ban sani ba, kamar ana jan guga mai nauyi da tsohuwar igiya. Na tsaya da karan a hannu. Inna ce ke sallah, ba ta san da mutum kusa ba. Fatiha take karantawa, amma a gutsure, kalma biyu ta tsaya ta ja, kalma biyu ta tsaya ta ja. Tsakanin aya da aya har sai na zaci ta bar sallar. A nan na gane shirun nan da nake ji in na yi sallama. Lokacin ne take tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta tashi zaune, ta ɗaura ɗankwali, ta tara iskar da za ta ishe ta kalma biyu, don kada 'yar fari ta gan ta a wulaƙance.

Na jira ta sallame, na shiga ba sallama. Na same ta duƙe bisa gwiwoyi, tafukan hannu a ƙasa, kai ba ɗankwali, baki buɗe. Da ta gan ni, wallahi ɗankwalin ta fara laluba. Na karɓe shi daga hannunta na jefa bisa gado. Na kama haɓarta na juyo fuskarta wajen haske. Shekarata arba'in da wani abu, ranar na fara ganin fuskar uwata kusa haka. Leɓɓanta sun yi toka-toka.

Ta ce, "Ke... ba ki da... kunya?"

Sau biyu ta tsaya a cikin wannan 'yar magana. Na ce, "Ta ƙare, Inna. Asibiti za mu."

A zaure na tarar da Kawu ya dawo, tare da wanzami da ƙahonninsa, wai a tsotse mata mugun jini a baya. Na gaishe su a tsaye, abin da ban taɓa yi ba, na faɗi abin da na gani.

Kawu ya ce, "Ba a hita da ita gidanga. Ƙanwata ta, ni ad da ikonta. Ɗiya ba ta yanke ma uwa hukunci ina raye."

Na ce, "Kawu, kai zaure kaka zama. Ni na ji sheɗarta. Za ni kai ta."

"Kin san mi a ka yi can? Kulle mutum su kai, ba mai ganin shi. In ta cika can, wa za shi ba ta shahada? Wa za shi wanke ta? Ki kai ta ta mutu cikin baƙi?"

Ban ɓoye ba, maganar ta soke ni, don abin da nake tsoro ke nan ni ma. Kuma na ga idonsa ya kawo ruwa. Ba mugunta ce ke cinsa ba, tsoro ne, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Amma ina tsaye ina jiyo jan gugan nan daga cikin gida. Na ce, "In ta cika nan hwa, Kawu, mi za mu ce mun yi mata? Ƙaho?"

Wanzami ya fara mayar da kayansa cikin zabira. Kawu ya ce in na fita da ita kada in sake taka gidansa. Na ce to.

Akwai wani maƙwabcinmu mai a-kori-kura da ke kai gero da albasa kasuwannin Nijar, rufe iyaka ya zaunar da shi. Da na gaya masa, sai ya naɗe hancinsa da rawani ya tayar da mota. Muka shimfiɗa katifa a baya. Ba namijin da ya taya ni, don ba mai son saɓa wa Kawu. Na goya Inna a bayana na ratsa zaure da ita, ba ta kai nauyin tulun ruwa ba. Mata na leƙe ta saman zana. Na ji wata tana cewa 'yar fari ta rungumi uwarta tsirara-kai a gaban jama'a, duniya ta zo ƙarshe. Ban waiwaya ba.

A asibiti suka sa mata robar iska nan take. Likita ya tambaye ni tun yaushe numfashin yake haka, na ce yau na lura. Ya dube ni ta saman takunkuminsa ya ce, "Wannan ba na yau ba ne, Hajiya." Washegari aka wuce da ita Sakkwato, wurin da ake killace masu ciwon. Na bi su, na sauka gidan 'yan'uwan mijina, aka ware mini ɗaki. Ba a bari in shiga wurinta, sai dai wata ma'aikaciya ta riƙa mata waya. A rana ta uku na ji muryarta ta fito sarai, magana ɗaya a miƙe ba tsayawa: "A ce ma waccan ta ci abinci, na san halinta." Na zauna a ƙasa na yi kuka har na gode Allah.

Kwana shida ta yi. Ta cika da safe, ma'aikaciyar nan tana riƙe da hannunta, ta ba ta shahada ta amsa. A can aka yi mata wanka da sallah, a can aka rufe ta, mijina da 'yan'uwansa suka tsaya. Gangara ba ta ga gawarta ba. Rabin abin da Kawu ya ji tsoro ya faru, kuma ba na musun wannan.

Sai da na cika kwanakin da aka ce in zauna ni kaɗai sannan na koma gida karɓar gaisuwa. Ina durƙushe a bakin zaure, maza cike, Kawu ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Ga wadda tak kai ta inda anka ƙarasa ta."

An saba mace ta sunkuyar da kai a irin wannan wuri, a ba ta haƙuri daga baya. Na ɗago nawa. Na ce, "Kawu, ban yi nadamar kai ta ba, kuma ko gobe aka maido ranar nan za ni sake goya ta. Laihina guda na. Kwana ukku ina gidanga, uwata na shaƙewa bayan garu, ni ina jin kunya. Shi za ni amsa gaban Allah, kuma ba ni kaɗai za a tambaya ba."

Na tashi na shiga ɗakin Inna, na zauna a bakin gadon har la'asar.