Ƙwan Zabin Tasalla Da Batiran Da Aka Ce Sun Mutu

Wata rana da hantsi, a tsakiyar damina, a wani ƙauye da ke bakin fadama can wajen Haɗeja, wata mata mai suna Tasalla ta buɗe akwatin ƙyanƙyasarta.

Wani wari ya bugi hancinta.

Ƙwai ɗaya ya fashe.

Ku tsaya ku ji abin da ke cikin akwatin nan. Ƙwan zabi ne guda casa'in. Akuyarta ɗaya tilo ta sayar ta haɗa akwatin, irin mai ɗumama ƙwai da fitilar kananzir. Kwana goma sha biyu ke nan tana juya su safe da yamma, kamar mai jinya.

Duk mai kiwo ya sani, baragurbi ba ya fashewa shi kaɗai ya tafi. Sai ya shafa wa na kusa da shi. In akwai wasu irinsa a ciki, kuma ba a tsame su ba, akwatin gaba ɗaya na iya tashi a banza.

Hanyar gane su mai sauƙi ce. A shiga ɗaki mai duhu, a ɗora ƙwai a bakin tocila. Mai rai za a ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki kamar saiwa. Baragurbi kuwa fayau yake, ko da wani baƙin tabo yana yawo.

Tasalla ta rufe taga da zani, ta kunna tocilarta.

Wani ɗan haske ja ya leƙo, ya yi sanyi, ya ɗauke.

Ta aika shago. Babu batir. Kwana huɗu ana marka, ruwa ya shanye hanya, ko babur ba ya shigowa garin. Mai cajin waya da sola ma ya rufe rumfarsa, don ba rana. Wayarta tun shekaranjiya take kwance.

A garin akwai dabarar da kowa ya gada. In batir ya yi sanyi, sai a ɗan bubbuga shi da dutse, a shanya a kan rufin kwano ya sha rana, ya ƙara yin kwana ɗaya. Tasalla ta tara irin waɗannan a ƙwarya, sun fi ashirin.

To amma ina ranar?

Ta yafa buhu a ka, ta rungumi ƙwaryar, ta nufi zauren Baba Jatau. Ba don tana sa ran wani abin a zo a gani ba. Tunaninta kawai, ko yana da sabon batir guda biyu a ɓoye, ta ba shi waɗannan ya fasa, a yi wa allon makaranta baƙi da garinsu.

Baba Jatau shekara arba'in ya yi yana gyaran rediyo a birni. Da waya ta zo ta kori rediyo, ya tattaro akwatin kayansa ya dawo gida. Yanzu sai ya yi wata ba wanda ya kawo masa aiki. Hannunsa ya fara rawa. Samarin gari in sun wuce sai su ce, “Baba, a dai huta haka nan.”

Shi abokin kakanta ne, don haka akwai wasan jika da kaka a tsakaninsu.

“A'a, amaryata ce cikin ruwan nan? Ko tuwon ne ya iso?”

“Wane tuwo, tsoho? Ni yau ko murhu ban kalla ba.”

Ta zayyana masa komai. Ya saurara har ta dire, sannan ya ce ba shi da sabon batir ko ɗaya. Idonta ya kawo ruwa. Ta juya za ta fita.

“Mene ne a ƙwaryar?”

“Batira ne, Baba. Ai sun mutu.”

“Sun mutu? Yaushe aka yi jana'izar ban ji ba?”

Ta tsaya.

“Ba mutuwa suka yi ba, 'yar nan. Muryarsu ce ta yi ƙasa, tocilarki kuma kurma ce. Zauna.”

Ya jawo tsohon akwatinsa. Ya fasa gindin wani ƙonannen gulob, irin farin nan mai murɗe, ya zaro wani ɗan baƙin zobe da bai kai zoben yatsa ba. Ya cire wasu 'yan ƙananan kayan lantarki biyu, tiransista ɗaya da resista ɗaya, daga gawar wata rediyo. Ya ɓalle ɗan farin idon haske daga wata fasasshiyar tocila.

Kaya huɗu. Sai siririyar waya.

Ya zo zura wayar a zoben, hannu ya ƙi tsayawa. Ya gwada sau uku. Ya ajiye, yana kallon yatsunsa.

Tasalla ta ce, “Kawo nan. Ni da nake zura zare a allura kullum.”

Ya miƙa mata. Ta haɗa waya biyu tana naɗawa, shi yana ƙirga mata zagaye har ashirin. Ya sa ƙarfen liƙi a garwashi, don ba wutar lantarki, ya narka dalma, ta riƙe masa ƙafafun kayan yana ɗigawa.

Aka ɗauko batir ɗaya daga ƙwaryar. Aka jona.

Shiru. Ko ƙyalli.

“Ka gani ko, tsoho? Ka sa na bar ƙwaina suna ruɓewa.”

“Ke dai gaggawa gare ki, shi ya sa na ƙi tarewa da ke.”

Ya ɗaga abin ya kai kusa da ido, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sai ya yi dariya. Bakin waya biyu ne suka juye, na farko ya zauna a wurin na ƙarshe. Ya sake ɗumama ƙarfen, ya musanya su.

Aka sake jonawa.

Fari tas!

Tasalla ta yi salati har buhun kanta ya zame.

Jama'a, ga abin da ya faru, kuma wallahi abin burgewa ne. Sabon batir yana tura wuta da ƙarfin bolt ɗaya da rabi, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin. In turin ya sauko wajen bolt ɗaya, yawancin kayanmu sai su daina amsawa, mu kuma mu ce ya ƙare. Alhali akwai sauran ƙarfi a ciki, turin ne kawai ya gaza. Wannan ɗan haɗin yana ɗibar wutar kaɗan, ya tara a zoben, ya sake ta da ƙarfi lokaci ɗaya. Yana yin haka sau dubbai cikin daƙiƙa guda, har ido ya ga kamar haske ne a tsaye. Ba ya ƙirƙirar wuta, ba ya yi wa batir caji. Ragowar da muke zubarwa yake tatsowa.

Baba Jatau ya naɗe kwali kamar mazurari, ya zura hasken a ciki don ya taru wuri ɗaya, saboda ɓawon ƙwan zabi yana da kauri. Ya ware batira biyar da suka fara tsatsa suna zubar da ruwa, ya ce waɗannan kam a binne su nesa da yara da rijiya. Ya kuma hana ta bugu da shanya, ya ce shi ke fasa su.

Ta koma gida da sauri, ta sake rufe taga.

Ƙwai na farko, jijiyoyi ja. Na biyu, har wani ɗan abu ya motsa a ciki. Ta dafe ƙirji.

Na bakwai, fayau.

Kafin la'asar ta bi su duka. Ta tsame baragurbi goma sha bakwai. Biyu daga ciki har sun fara tsattsafo da ruwa, ba za su kai gobe ba. Batir uku kacal ta ci daga ƙwaryar.

Ta goge akwatin, ta mayar da sauran, ta ci gaba da juyi.

Ranar kwana ashirin da takwas, tana shara a tsakar gida, ta ji wani ɗan ƙara daga ɗaki.

Tsiyau. Tsiyau.

Ba duka suka fito ba. Sittin da ɗaya ne suka fasa ɓawo, suna tangaɗi da jiƙaƙƙen gashi.

Bayan sati biyu ta sa 'yan zabi huɗu a kwando ta nufi zauren Baba Jatau. Da ƙyar ta sami wurin tsayawa. Mata uku masu kiwo na zaune da ƙwaryar batiransu. Biyu daga samarin nan masu cewa ya huta sun durƙusa suna naɗa waya a zobe, shi yana ƙirga musu.

Ta ajiye kwandon a gabansa.

“Ga sadakinka, tsoho. Ashe da sauranka.”

Bai ɗago ba, yana dai kallon hannun ɗaya daga samarin. Amma gemunsa ya motsa da murmushi.

“Da ma akwai. Ba wanda ya jona ne.”

Darasi:

Kafin ka ce abu ya ƙare, ka fara bincika ko kai ne ka daina jin sa. Batirin da ke kwandon shararka yana iya haska wani ɗaki. Dattijon da ke zaune shiru a unguwarku yana iya riƙe da ilimin da kake nema a waya. Shi yana da sani, kai kana da hannun da ba ya rawa. Ku zauna tare.

Ɗalibai masu karatun lantarki, wannan haɗin kaya huɗu ne kawai. Ku gwada, ku koya wa wani.

Tura wannan ga mai kiwon da ka sani, da wanda ya fara jin kamar nasa ya ƙare. Sannan ka rubuto mana a ƙasa: wane ne Baba Jatau na unguwarku?