Auren 'Yar Tsana a Tsakar Gidana

In dai ina numfashi, auren 'yar tsanar da aka yi a gidana a Malumfashi ba zai fita raina ba. Lokacin talabijin ta fara shiga gidaje, amma maigidana ya kafe ba zai saya ba, wai gidan da ke da yara ba ya rasa abin kallo. Na sha yi masa mita, ko a jikinsa.

Maƙwabciyarmu Bayarabiya ce mai sayar da atamfa, kuma aminiyata, don ita ta zauna da ni duk haihuwar da na yi. Da ta sayi tata talabijin, 'ya'yana suka tare a can. Wata rana suka shigar mata da taɓo har kan shimfiɗa, ta fatattako su. Ni kuwa ba a taɓa min 'ya'ya in yi shiru. Muka yi cacar baki ta kan katanga, na hana su gidanta, gaisuwa ta yanke. Damina ta wuce, aka cire auduga, muna nan muna gaba. Ina kewarta ƙwarai, amma ban ga mai tanƙwara ni ba.

Da kallo ya yanke, yaran suka koma wa karan dawa da yumɓu. 'Yata tana da 'yar tsana ta ƙashi, ta yi mata kitso da zare. Ashe 'yar maƙwabciyar tana da ɗan tsana namiji, kuma ta ramin katanga suka gama shirya aure. Mazan suka ƙera babbar mota ta kara don ɗaukar kayan jere, matan suka gina tukwane ƙanana kamar ƙwai, autana ya naɗa tsumma ya zama liman. Ina ganin hidimarsu, ban tambaya ba.

Wata la'asar ina tankaɗe, 'yata ta zo ta durƙusa ta ce dangin ango sun iso, kuma ba mai karɓar goro sai kakar amarya, wato ni. Na fito ina dariya da gari a hannu, sai na yi turus. Maƙwabciyata ce zaune a kan tabarma, ta ci gwaggwaro, ga goro na gaske a faranti. Yara sun zagaye ta, sun zuba min ido.

Ta ce, "Hajiya, aiko ni aka yi. Jikana ya ga jikarki, ya ce in ba ita ba sai rijiya."

Na ɗaure fuska na ce, "Sai mun yi bincike. Mun ji ana korar yara a gidanku."

Ta ce gidan ya tuba. Dariya ta ƙwace mana, tawa ta ƙare da hawaye. Na karɓi goro, liman ya shafa fatiha, aka tura motar amarya har ƙofarta ina biye ina guɗa.

Tun ranar na daina raina wasan yara, na kuma bar maigida ya huta da mita. Yaron da aka bari da kara da yumɓu, rayuwa yake koyo, har da yadda ake neman sulhu. Ni da girmana, a wurinsu na koya.