Na Raɗa Masa Sadauki, Na Hana Shi Kuka

Edita, ina yi maka sallama kai da masu karatu. Ku ba ni ɗan fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi, amma ku yi mini rai ku bar sunana a ɓoye. A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasar nan, lokacin da ko'ina ka duba ana fasa daji ana shimfiɗa kwalta, ni direban tifa ne a wani kamfanin gina hanya da ya kafa sansani tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Matashin magidanci ne ni, ga jini a jika, ga albashi duk wata, ga rediyo rataye a kafaɗa. In na shigo ƙauyenmu da ke kusa da Mairuwa da motar nan, yara har faɗuwa suke yi wajen bina. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat: ni da maiɗakina, 'yar mutanen Sabuwa, mun haifi uku mun binne uku, ba wanda ya kai yaye.

A wajenmu macen da 'ya'yanta ke mutuwa haka, cewa ake tana wabi, kuma tsofaffi suna da dabararsu. In ta sake haihuwa, liman zai raɗa sunan yanka kamar kowa, amma ba za a kira jaririn da shi ba. Sai kaka ta laƙaba masa sunan wulaƙanci, irin su Ajuji, Ajefas ko Abarshi, wai don mutuwa ta ga ba a damu da shi ba, ta wuce ta bar shi. Ni kaina ɗan wabi ne. Inna, mahaifiyata, sai da ta binne huɗu kafin ni, kuma Ajuji ake kirana, wato wanda aka yar a kan juji. Wanda bai ɗauki irin sunan nan ba ba zai gane ciwonsa ba. Tun ina makarantar allo ake toshe hanci in na wuce, har zuwa zance 'yan mata na ƙyalƙyala dariya in an ambace ni. Na girma da haushin sunan nan a raina.

A sansanin kamfani kuwa an tara mutane kala-kala. Akwai wani makanike Inyamuri da muke shiri da shi ƙwarai, wata rana muna cin abinci a gindin mota ya ce an yi masa haihuwa a gida, ya sa wa yaron suna Ikenna, ya ce ma'anarsa ƙarfin uba. Wani Bayarabe mai tuƙa gireda, motar baje ƙasa, ya karɓe zancen, ya ce su ma duk sunan da ka ji ya fara da Akin, jarumi ake nufi. Har Baturen da ke duba aikinmu, da aka fassara masa hirar, ya buga ƙirji ya ce sunan ɗansa zaki ne da yarensu. Sai suka juyo kaina suna tambayar ma'anar nawa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na yi ƙarya na ce ban sani ba, sai wani lebura ɗan garinmu ya yi caraf ya fassara musu. Aka yi ta dariya, makaniken nan ne kawai bai yi ba. Ya ce da ni a hankali, su a wajensu suna riga ce, abin da ka ɗinka wa yaro shi zai sa har ya tsufa. Maganar nan ta zauna mini daram.

Da Allah ya sake ba mu haihuwa, namiji, Inna ta riga ta shirya komai. Za a ɗora shi a kan juji a ɗauko, wanzami ya ɗan tsaga masa kunne, a kira shi Abarshi. Na ce sam, ba a gidana ba. Na je wurin liman na ce ya zaɓo mini sunan sahabi mafi jarumta, ya zaɓo, ya kuma yi mini nasiha cewa suna mai kyau haƙƙin ɗa ne, amma rai da ajali na Allah ne, kada in jingina da suna. Rabin farko na ji, rabin ƙarshe ya bi iska. Ranar suna na yanka rago biyu, na ɗauko makaɗa, na tsaya a ƙofar gida na ce daga yau laƙabin yaron nan Sadauki, duk wanda ya kira shi da wani abu daban ni da shi ne. Inna ta kira ni ɗaki, ta ce ita ba ta yi boko ba, ba ta zauna da Turawa ba, amma ta san ba a yi wa mutuwa gadara. Na ce mata wannan canfi ne, zamani ya wuce nan. Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya raya, ɗan nan." Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Yaro kuwa ya rayu. Ya yi haƙori, ya yi tafiya, aka yaye shi, ƙyanda ta zo ta kwashi yaran unguwa ta bar shi. Zo ka ga baki a wurina! Duk majalisar da na zauna sai na ce ga amfanin suna nan, ku ci gaba da kiran 'ya'yanku bola da juji. Daga nan ne na ɗauki hanyar da ta kai ni inda nake yau. Na ƙudura cewa tunda Sadauki ne, sai ya zama sadauki. In ya faɗi ya buɗe baki zai yi kuka, sai in daka masa tsawa in ce Sadauki ba ya kuka. Rina ta harbe shi a ido, fuska ta kumbura, na ce ya haɗiye. In ya daure sai in ɗaga shi sama in saya masa alewa, in ya yi hawaye kuwa in ɗaure fuska in yini ban kula shi ba, wannan kuma ya fi masa duka ciwo, don yaron yana sona kamar me. Ranar da aka yi musu kaciya shi da sa'o'insa, kowa ya tsala ihu, nawa ya cije leɓe har ya fasa, idonsa a kaina. Na ba wanzami tukwici, na yi ta yawo da labarin har sansani. Uwarsa ta sha ce mini, Malam, yaro ne fa, ka bar shi ya yi yarintarsa. Ni kuma in ce mata mace ba ta san yadda ake gina namiji ba.

Yana da kamar shekara takwas, da damina, na kwaso tsofaffin katakai daga sansani zan yi rumfa, na zube su a bayan ɗaki na koma bakin aiki, don a lokacin sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Ashe yana wasa ya taka wata ƙusa mai tsatsa, ta shige masa tafin ƙafa. Duk wannan daga baya abokin wasansa ya faɗa mana. Ya zare ta da hannunsa, ya cusa ƙasa a ramin don jini ya tsaya, ya ɗaure da tsumma, ya zura takalmin kambas da na sayo masa, ya kuma sa abokin ya rantse ba zai faɗa ba. Uwarsa ta yi ta faɗan me ya sa yake kwana da takalmi, ta ɗauka ɗokin sabon abu ne. Inna idonta ya riga ya yi rauni.

Ga abin da ya hana ni barci shekara da shekaru. Da na dawo ranar Juma'a da la'asar, ya taho ya tarye ni kamar yadda ya saba, amma ba da gudu ba. Na gan shi sarai yana jan ƙafar hagu, na ga gumi a goshinsa alhali garin da sanyin ruwa. Uban kirki durƙusawa zai yi ya ce mu ga ƙafar. Ni kuwa, a gaban abokaina biyu da suka rako ni, sai na yi dariya na ce, "Kai, yau kuma Sadauki ne ke ɗingishi?" Yaron nan ya dube ni, ya miƙe tsaye cak, ya taka ƙafar da ƙarfi, ya karɓi jakata ya wuce gaba yana tafiya daidai. Na juya na ce wa abokaina, kun gani ko, jinina ne. Na kwana biyu a gida ban ƙara tambaya ba.

Tsakiyar mako aka aiko sansani in zo maza. Na tarar da shi kwance, wuya ya sandare, haƙora sun sarƙe, ko kunu ba ya wucewa. Mata sun cika ɗaki, masu cewa iska, masu cewa mayu, ana ta turare da tofi. Na sungume shi na sa a gaban tifa, uwarsa ta rungume shi, muka nufi asibiti a Funtuwa. Duk ramin da mota ta faɗa sai jikinsa ya banƙare, uwar na salati. Likita ne ya sa aka yanke takalmin da almakashi. Abin da na gani a ƙarƙashin tsumman nan ba zan iya rubuta shi ba. Ya tambaya tun yaushe, uwarsa ta ce ba ta sani ba. Ya girgiza kai ya ce da an kawo shi tun ciwon yana sabo, wanki da allura sun isa, amma yanzu dafin ya bi jiki, sai abin da Allah ya yi. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Washegari da hantsi jikin ya ɗan lafa, uwarsa ta fita alwala, na sunkuya kusa da shi. Ya motsa leɓe da ƙyar, ta tsakanin haƙora ya ce, "Baba, ban yi kuka ba." Kafin azahar ya cika.

Gari ya ɗauka cewa suna ne ya ci shi. Har a wurin zaman makoki ina jin ana raɗa cewa an yi wa mutuwa gadara ta zo ta karɓi kayanta. Inna ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, har ta bar duniya. Na bar su a kan haka, domin zargin da suke yi mini ya fi wanda na sani sauƙin ɗauka. Aikin hanya ya ƙare, kamfani ya naɗe kayansa, kuɗin mai suka janye kamar ruwan rafi da rani, na dawo noma. Allah bai sake ba mu haihuwa ba. Mutane suna cewa lokaci yana warkar da komai, ni dai bai warkar da ni ba. Yau tsufa ya kama ni, in na ji ɗan maƙwabta yana tsala kuka, sai in bar abin da nake yi in zauna ina saurare har ya yi shiru.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da ƙaddara, ina kuma neman gafarar Ubangiji dare da rana. Amma ina kira ga iyaye, musamman matasa da nake ji yanzu suna tonon sunaye na Larabawa da na wasu ƙabilu, wai mai ma'anar zaki, wai mai ma'anar ƙarfi. Ku sa, ba laifi, suna mai kyau addu'a ce. Sai dai ku yi addu'ar ku bar wa Allah, kada ku mai da ita bashin da yaro zai biya ku. Ku bar ɗanku ya zo muku da ciwonsa ba tare da jin kunya ba, in kun ga yana jan ƙafa ku durƙusa ku duba. Maiɗakina ta zauna da ni cikin haƙuri har ƙarshen ranta, kullum tana ba ni baki, tana cewa Malam, ka daina cin kanka, ai ba wanda ya ga alama, da ka gani da ka kai shi. Sau da yawa na buɗe baki zan gaya mata abin da ya faru ranar Juma'ar nan a ƙofar gida, sai in kasa. Bara ta rasu, ban gaya mata ba.