Ƙarar da Tsofaffi Ba Su Ji

Maigidana sifika yake sayarwa. Yana ɗauko su ta Burkusuma a bayan babur, ya kai kasuwar Bafarawa ranar da take ci, abin da ya rage ya dawo da shi gidanmu a Isa. Ba ya yarda da kaya sai ya gwada, don haka kullum kamar biki ake a tsakar gidanmu. Kwanuka na rawa a kan kabad, kaji ma sun koma maƙwabta suna ƙwai.

A cikin wannan hayaniya na haifi ɗan farina, anka sa masa sunan surukina, Allah ya jiƙansa. Kunya biyu ke nan ta hau ni: ga ɗan fari, ga sunan uban miji. Ba ni kiran sunansa, ba ni yi masa wasa gaban mutane. In ta kama dole sai in ce "kai", ko "wancan".

Da ya fara zama, sai na lura yaron nan ba ya firgita. Ubansa zai kunna babbar sifika har ƙasa ta zubo daga rufi, shi kuwa yana tsotsar babban yatsan ƙafarsa. Na ce shi ke nan, kurma na haifa. To wa za ni gaya wa? Uwar ɗan fari ba ta nuna damuwa, dariya za a yi mata har jikoki.

Sai na shiga gwaji a ɓoye. In saki murfin kwano a bayansa. In yi atishawar ƙarya. Wata rana ya juyo, wata rana ko gezau. Murafena duk sunka lotse. Rannan surukata, wadda muke kira Inna, ta shigo ta tarar da ni durƙushe bayan yaro ina kukan akuya.

"Ke 'yar nan, lahiya?"

"Maƙogwarona ne, Inna."

Ta dube ni, ta dubi yaro, ta ɗauki tsintsiyar da ta zo nema ta fita.

A wajen rigakafi na samu na raɗa wa malamar asibiti. Ta ce an shirya musu wani ɗaki da likitan yara zai riƙa duba marasa lafiya daga Sakkwato ta cikin allon talabijin, in zo ranar buɗewa. Na gaya wa Inna za ni asibiti, kaina ke ciwo. Ta ce to, ita za ta goya mijinta ta raka ni. Haka take kiran yaron.

Munka tarar da ɗakin a hargitse. Ga allo a bango, ga kwamfutar malama a kan tebur, ga wani injiniya yana ta share zufa. Sifikar da ya zo da ita ta faɗo daga babur a hanya, ta fashe. Yana yi wa malama bayani ina kasa kunne. Wai sifikar ɗakin tana fitar da wata ƙara siririya wadda kunnen babba ba ya ji. Kwamfuta ce ke jin ta, sai ta gane ga allonta nan, su haɗu da kansu. In babu wannan ƙara, babu likita yau.

Anka ce a nemo mai sayar da sifika. Duk Isa wa za a nemo? Sai ga maigidana da kaya uku ɗaure a babur. Ya gan ni, ya ga uwarsa, ya ce, "A'a, ku kuma mi kuke yi nan?"

Inna ta ce, "Kanta ke ciwo. Yi aikinka."

Ya fara da babbar, wadda yake ba 'yan biki haya. Kafin injiniya ya buɗe baki ya saka mata kiɗa. Taga ta ɗauki rawa, wani tsoho da ke jiran allura ya tashi da gudu bai ko ɗauki takalmi ba. Na leƙa yaro a bayan Inna. Hamma yake yi.

Injiniya ya haɗa ta da na'urarsa, ya dubi kwamfuta, ya girgiza kai. "Wagga ƙatuwar murya gare ta, Alhaji. Ba ta iya siririyar. Wadda nike so, za ta yi ƙarar da ba ka ji."

Fuskar maigidana ta washe. "Ai da ka faɗi tun ɗazu! Ina da ita." Ya kwance wata baƙa da ta daɗe ƙarƙashin gadonmu tun ina amarya, wadda ruwan damina ya shiga. "Wagga, wallahi ba wanda ya taɓa jin ta. Ni kaina ban taɓa ji ba."

"Alhaji, wagga matacciya ta."

"Kai ka ce wadda ba a ji."

"Ba a ji daban, ba ta yi daban."

"To ƙaƙa anka gane bambancin?"

Sunka yi ta ja, malama na dariya har da riƙe tebur, ni kuwa kamar in fashe da kuka. Saura ƙarama guda, ɗan abu kamar gwangwanin madara, mai wani ɗan ido a sama. Maigidana ma kunyar nuna ta yake, wai ta yara ce. Injiniya ya ce wannan idon shi ke fitar da siririyar murya, ya haɗa ta. Ɗaki ya yi tsit. Ba mu ji komai ba.

Sai yaron ya ɗaga kai daga bayan Inna, ya juya ya ƙura wa gwangwanin nan ido, ya tsuke fuska kamar an ci masa bashi. Injiniya ya kashe, yaro ya mai da kai. Ya sake kunnawa, yaro ya sake juyowa, har da guntun ƙorafi.

"Ka ga abokin aikina," in ji injiniya. "Ƙananan yara suna jin ta. Mu ne kunnenmu ya tsufa."

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Kwamfuta ta yi ɗan kuka, sai ga fuskar likita ta cika allo, yana ta sallama. Malama ta gaya masa abin da ke damuna, gaban Inna, gaban maigidana, gaban kowa. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Likita ya yi tambayoyi. Da ya ji sana'ar maigidana sai ya yi dariya, ya ce yaron da ya tashi cikin sifika ai ya saba, amma a fitar da gwajin kaya daga gida tun kafin a lalata masa kunnen da gaske. Sannan ya ce, "Uwar yaro, koma bayansa ki kira sunansa, a hankali."

Na dubi Inna. Sunan mijinta ne fa.

Inna ta kwance goyo ta zaunar da shi a kan tabarma, ta gyara mayafi, ta juya tana kallon bango. "Ni tsohuwa ta," ta ce. "Waccan ƙarar ma ban ji ba. Kuma na gaji da kukan akuya cikin gidana."

Na durƙusa bayansa. Na kira shi, can ƙasa, karo na farko tun ranar suna. Ya juyo gaba ɗaya har ya kife, ya ɗago yana dariya da haƙoransa biyu, ya kama mini hanci.

A bakin ƙofa na jiyo maigidana yana ce wa injiniya ya ɗauki baƙar ma, ko don ajiya.