Makullin da ke Jikin Usur

A tashar motar Jidda, nan Madina, kowa tsayin wani mutum yake kallo. Ni kuwa makullin da ke rataye da usur a wuyansa na gani. Yana ta murza shi, yana waya.

"Na'am Yaya, babban kulob ne, ni suke so in horar da su. Amma yaran kwalejinmu fa? A hannuna suka koyi ƙwallon kwando. Gasa ta matso, wallahi ko faɗa musu ban yi ba."

Ina zaton makullin ɗakin wasansu ne ya kasa mayarwa. Ana kiran fasinjoji, sai ya cusa shi cikin jallabiya, ya durƙusa yana sake ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.